Ustaza daga Gadarif ta tambaya: ta ina zan fara da 'yan sanawi da wayoyinsu?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ustaza ce a wata sanawi, wato sakandare, ta 'yan mata a Gadarif a nan Sudan, Larabci nake koyarwa. Yawancin ɗalibaina 'ya'yan Hausawa ne, ga kuma waɗanda gudun hijira ya kawo daga Madani da Sinja. Abin da yake damuna, duk abin da suka gani a TikTok ko aka turo guruf ɗin gida a WhatsApp to shi kenan ya zama gaskiya, da shi za su shigo aji har da rantsuwa. Na yi nasiha har na gaji, mudira, shugabar makarantarmu, ta hana shigowa da waya amma ba abin da ya canza. Ina so su riƙa tsayawa suna tunani a kan labarai da aikin jarida da ita kanta wayar, amma ba mu da kwamfuta, wuta ma sai ta ga dama. Ta ina zan fara?"

Wa alaikumus salam Ustaza, Allah ya saka da alheri ya kuma ba da ladan tarbiyya. In na fahimce ki daidai, ba so kike yaran su daina riƙe waya ba, don wannan kin san ba mai yiwuwa ba ne, so kike tsakanin ganin abu da yarda da shi a samu ɗan tsaiko, ko na minti ɗaya ne. To tun kafin mu yi nisa bari in ja kunnenki kan abu ɗaya, yarinyar da ta yarda da komai matsala ce, amma wadda ta koma cewa "ai duk ƙarya ne" ta fi ta wahalar gyara, kuma nasiha mai yawa irin ta biyun take haifarwa. Masu yaɗa ƙarya ba su damu sai kin yarda da su ba, in suka sa kika daina yarda da kowa ma buƙata ta biya. Ni aikin jarida na yi, rediyo da rubutu, daga baya na koma horar da matasa, kuma abin da na gani shi ne yaro ba ya fara tambayar labarin wani sai ranar da shi ma ya haɗa nasa labarin da hannunsa, ya ga inda ya yanke da inda ya ƙara gishiri. Duk abin da zan faɗa miki a ƙasa kan wannan yake tafiya.

Me ya sa suke yarda

Ki fara yi musu adalci tukuna. Waɗannan yaran suna asasi, wato firamare, aka yanke intanet a Yunin 2019 sama da wata guda, aka sake yankewa bayan juyin mulkin 25 ga Oktoban 2021, sannan yaƙi ya ɓarke 15 ga Afrilun 2023, jaridun Khartum suka daina fitowa, ginin rediyo da talabijin na Umdurman kansa ya zama fagen daga. A Fabrairun 2024 shabaka, wato layin waya da intanet, ta ɗauke gaba ɗaya, Zain da Sudani da MTN, mutane a wasu garuruwan suka koma biyan kuɗin awa a wurin masu Starlink don kawai su ji ko 'yan'uwansu na raye. Yarinyar da ta fito daga Madani a Disambar 2023 ko daga Sinja a tsakiyar 2024, ba jarida ce ta gaya wa babanta wace hanya ce take biyuwa ba, saƙon murya ne a guruf. Kuɗin motar ma ta Bankak, manhajar tura kuɗi ta waya, wani kawu ya turo daga Jidda. To in kika tsaya gaban allo kika ce abin da ke cikin waya ƙarya ne, a ranta cewa take Ustaza ba ta san abin da take faɗa ba, kuma tana da hujjarta.

Sai kuma wanda ya turo saƙon. Ba baƙo ba ne, gwaggo ce, yaya ce, limamin unguwa ne. A tarbiyyarmu ka ce wa babba "ina kika samo wannan?" kusan ka ƙaryata shi ne, yarinya mai kunya ba za ta yi ba. Wannan shi ne ainihin ƙullin, kuma littattafan da ake rubutowa daga Turai kan wayar da kai game da kafafen labarai ba su san da shi ba sam.

Ga kuma yadda aka gina su Facebook da TikTok ɗin. Da talla suke samun kuɗi, talla kuma tana buƙatar ki daɗe kina kallo, saboda haka manhajar tana lura da abin da ya tsayar da yatsanki sai ta ƙaro miki irinsa, kuma abin da ya fi tsayar da yatsa shi ne tsoro da fushi da abin kunyar wani. Ba wai wani ne ya zauna yana ƙin mu ba, lissafin ciniki ne kawai. Mu Hausawan Sudan ma namu ya ninka, don ta ƙofa biyu abu yake shigo mana, na Larabci daga nan gida da na Hausa daga Najeriya da Nijar, sai ki ga bidiyon da aka ɗauka a wata ƙasa shekarun baya an canza masa rubutu an ce jiya ne a ƙauyen su wane.

Mun kuma ɗanɗana kuɗarmu. Rikicin Nilu Shuɗi na Yulin 2022 tsakanin Hausawa da wasu ƙabilun yankin, Damazin da Rusairis da kewaye, da wanda ya biyo baya a Wad al-Mahi cikin Oktoba, asalinsa maganar ƙasa ce da sarauta da siyasa, ba Facebook ya ƙirƙire shi ba, amma duk wanda yake riƙe da waya a lokacin ya ga irin rubuce-rubucen da suka riƙa yawo, da tsofaffin hotuna da aka riƙa liƙa wa sabon suna, kuma in za a faɗi gaskiya ba ɓangare ɗaya ne kaɗai ya yi ba, har da namu. Manya kuma za su tuna 2008 da wata jarida ta buga maganar da aka danganta wa Umar al-Bashir kan cewa Hausawa ba 'yan ƙasa ba ne, aka fita zanga-zanga a Gadarif ɗin nan taku, gwamnati ta musanta. Lokacin ba TikTok ba WhatsApp. Ina kawo wannan ne don ki san abin da kike son koyarwa ba ƙawa ba ne a wurinmu, amma ba na ce ki ɗauki waɗannan misalan ki kai aji ba, zan zo kan dalili.

Ki fara da abin da suka riga suka sani

Ke da kike koyar da Larabci kina da makamin da malamin kwamfuta ba shi da shi. Yaran nan sun san aya ta 6 a Suratul Hujurat, sun san hadisin da ke cikin gabatarwar Sahihu Muslim cewa ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji, sun ji kalmar isnadi a darasin addini. Sai dai in kika karanta musu ayar kika bi da wa'azi kin koma gidan jiya. Aiki za ki ba su da ita.

Ga yadda nake yi. Sai in ce kowa ya kawo saƙo ɗaya da aka turo masa a makon nan, a rubuce a takarda, ban da na yaƙi. A wani zama da muka yi da matasa a Kassala wata ta kawo sanarwar cewa an sake ɗage jarrabawar shahada ta kammala sanawi, da tambarin wizara, wato ma'aikatar ilimi, a sama da komai, kuma kin san yadda wannan maganar take taɓa zuciya tunda 'yan ajin 2023 sai ƙarshen Disambar 2024 suka samu suka zauna tasu. Na ce ta zo allo ta rubuta sunanta a ƙasa, a samansa wanda ya turo mata. Ta rubuta yayarta. Yayar fa? Daga guruf ɗin tsofaffin 'yan makarantarsu. Wa ya sa a guruf ɗin? Sai da aka kwana aka tambayo, wata ce ta ɗauko hoton daga wani shafin Facebook mai suna irin "labarai da ɗumi-ɗuminsu", ba sunan mutum ba adireshi. Na tambaye su, a ilimin hadisi in sarƙa ta ƙare a kan wanda ba a san ko waye ba me ake ce masa? Suka haɗa baki, majhuli. Ban ƙara komai ba, su da kansu suka fara lura cewa takardar ba kwanan wata, ba lamba, sa hannun ma kamar an yanko shi daga wani wuri.

Abin da ya fi min amfani a nan shi ne malaman hadisi sun raba abu biyu, adalcin mai ruwaya da kiyayewarsa. Mutum zai iya zama salihi mai tsoron Allah wanda bai taɓa ƙarya ba, amma a ajiye ruwayarsa don bai kiyaye ba ko don bai san daga wa ya karɓa ba. Wannan shi yake kwance ƙullin gwaggo. Yarinya za ta gane cewa tambayar asalin saƙo ba zargin gwaggo ba ne, gwaggo mutuniyar kirki ce ta tura ne don tana son ku da alheri, matsalar tana can sama a sarƙar. Har yadda za ta yi tambayar ki koya mata, ba "wannan ƙarya ne" a tsakiyar guruf ba, a'a ta bi ta gefe ta ce Gwaggo don Allah wa ya turo miki, ina so in kai wa Ustaza ne. Ki bar su su fake da ke, ba komai.

Jaridar bango da iza'ar safe

Nan ne zan daɗe don nan ne aikin yake. Makarantunmu na Sudan tun da can suna da jaridar bango da iza'a, wato rediyon makaranta, a taron ɗalibai na safe da jam'iyyar adabi, sai dai an mayar da su wurin kwafe, hikimar yau, ko kin san cewa, waƙar da aka ɗebo daga littafi, a yi wa kwalin ado da furanni a liƙa. Kwali ɗaya da alƙalami biyu sun isa, ba ruwanki da wuta, abin da za ki canza shi ne abin da ake rubutawa a kai. Ki ce daga yau ba a liƙa abin da aka kwafo, sai abin da wata a cikinmu ta je ta gani ko ta tambayo.

Batutuwan kuma suna bakin ƙofa. Nawa ake sayar da jarkar ruwa a unguwarku wannan watan, nawa ne a watan jiya, me ya sa? Gadarif da matsalar ruwa ai ba sai an faɗa ba. Me ya faru da kuɗin haya tun da mutane suka cika garin? Riɗi da dawa da ake kaiwa kasuwar amfanin gona, nawa manomi yake samu nawa ɗan kasuwa yake samu, tunda rabin ajin 'ya'yan manoma ne ko masu aikin gona? Mai sayar da fatira da ta'amiyya a ƙofar makaranta ƙarfe nawa take tashi? Dokokin kaɗan ne amma ba sassauci, duk magana a faɗi wa ya faɗe ta, duk labari a ji daga baki biyu aƙalla, in an ambaci wani da laifi sai an je an ji nasa, sannan kafin a liƙa a koma a karanta wa wanda aka yi hira da shi abin da aka ce ya ce.

Wannan na ƙarshen shi ne yake gyara yara. Na ga wasu 'yan mata sun rubuta labarin tsadar ruwa, kanun da suka sa wai masu karo, masu sayar da ruwa a keken jaki, sun zama azzalumai, sun ji daga iyaye mata uku duk suna kuka. Na ce madalla, saura mai karo. Suka yi ta noƙewa, daga baya suka tafi da ƙanin ɗaya daga cikinsu suka samu wani dattijo yana ba jakinsa ruwa, ya lissafa musu kuɗin da yake biya a wurin ɗiban ruwan, da awannin da yake yi a layi, da kuɗin abincin jakin da ya ninka, ya ce in sun ga riba a ciki su karɓi linzamin. Suka dawo aka zauna gardamar kanu, wata ta ce a bar na farko don shi ne zai sa a tsaya a karanta, wata ta ce wallahi ba za ta iya komawa ta karanta wa tsohon nan wannan kanun a gabansa ba. Kin ga a wannan gardamar kaɗai sun taɓo abin da editoci suke fama da shi kullum, kanun da ke jan mutane da kanun da ke gaskiya ba kullum suke zama ɗaya ba, kuma bayan wannan ranar duk kanun da suka gani a Facebook da wani ido suke kallonsa.

Ki kuma ƙayyade musu tsawo, ki ce kalma 150 ba ƙari. Dole su yar da wani abu, sai ki tambaye su me kuka yar, don me. Wani lokacin ki raba aji biyu su rubuta labarin abu ɗaya, misali ranar da aka raba littattafai ba su isa ba, ki liƙa su gefe da gefe. Ba wadda ta yi ƙarya amma labaran ba za su zo ɗaya ba. A ƙasan kwalin kuma ki ware wani lungu na gyara, in an yi kuskure a fitowar da ta wuce a rubuta a nan da sunan wadda ta yi. Da farko za su ji kunya, daga baya za su fara tambayar me ya sa shafukan da suke bi ba su taɓa cewa mun yi kuskure ba.

Akwai wani aikin da nake so ƙwarai, hira da kakanni. Kowace ta je ta tambayi tsohuwar gidansu yadda kakanninsu suka zo ƙasar nan, ta wace hanya, a ƙafa ko a jaki, niyyar hajji ce ko hijira ce bayan yaƙin Burmi na 1903 irin ta mutanen Mai Wurno, ko aikin auduga ne a Jazira ya tsayar da su. Za su dawo da labarai masu daɗi, za kuma su tarar tsofaffi biyu a gida ɗaya sun saɓa a kan shekara ko a kan sunan gari, kowanne kuma ya rantse. To ya za a rubuta? Nan za su koyi cewa "in ji wance" ba rauni ba ne a rubutu. Waɗanda ba Hausawa ba a ajin su ma su kawo nasu, kar ki bari abin ya zama na ƙabila ɗaya.

Bakin wa ke magana

In sun ɗan saba sai ki shigo da tambayar wa yake biyan kuɗin. Rediyon Umdurman da muke ji kamar tun fil azal yake, Turawan Ingila ne suka buɗe shi a 1940 don ba da labarin yaƙin duniya na biyu ta ɓangarensu. BBC Hausa da kakanninmu suke kamawa a gajeren zango ta fara a 1957, Jamus ta buɗe nata sashen Hausa a 1963, Faransa a 2007. Muryar Amurka ta yi shekaru tana Hausa, a 2025 gwamnatin Amurka ta taɓa kuɗin sai aka wayi gari shiru. BBC ta rufe rediyonta na Larabci a Janairun 2023, da yaƙi ya tashi ta dawo da wani ɗan shiri na gaggawa don Sudan a watan Mayu. Rediyo Dabanga ta 'yan Sudan tun 2008 daga Holan take watsowa. Aljazeera ta Ƙatar ce, Al-Arabiya da Al-Hadas na Saudiyya, Sky News Arabiyya tana Abu Dhabi. Faɗin wannan ba yana nufin duk maƙaryata ne ba, a cikinsu akwai 'yan jarida na gaske da suka sa ransu a haɗari, amma kowace kafa tana da mai ita, kuma yawanci ba a abin da ta faɗa ake gane shi ba sai a abin da ta yi shiru a kai.

Hanya mafi sauƙi kuma mafi aminci da za ki nuna musu son kai a labari ita ce ƙwallo. Ranar da Hilal da Marrikh, manyan ƙungiyoyin ƙwallon Sudan, suka kara, ki sa su karanto abin da shafin magoya bayan kowanne ya rubuta, wasa ɗaya, alƙali ɗaya, labari biyu. Ko ba sa kallo suna da yayye maza da ba sa barin gida ya zauna lafiya. Ana dariya ana gane abin, ba wanda ransa ya ɓaci.

Ita kanta wayar

Dokar mudira ki bar ta yadda take, ba sai kin yi faɗa a kanta ba, wayarki ɗaya ta isa, sauran aikin gida ne. Abubuwan da za ki nuna ba su da yawa. Kibiya biyu da WhatsApp yake sa wa saƙon da aka tura sau da yawa, wato wadda ta turo miki ba ita ta rubuta ba kuma ba lalle ta san wanda ya rubuta ba. Yadda ake sa hoto a Google Lens a ga ko ya taɓa fitowa a wani wuri shekarun baya. Shafin Beam Reports, 'yan Sudan ne da suke bin diddigin jita-jita da Larabci, ki karanta musu ɗaya su ga matakan da aka bi, matakan sun fi hukuncin amfani. Sai hoton ish'arin Bankak, wato shaidar tura kuɗi, na bogi da ake damfarar masu shago da shi, wannan kowa ya san wani da aka yi wa, kuma darasin a fili yake, hoton allo ba hujja ba ne sai ka buɗe asusunka ka gani.

Ki gaya musu cewa a 2021 kamfanin Facebook da kansa ya sanar da goge tarin shafuka da asusun bogi da aka kafa don juya ra'ayin 'yan Sudan, wato kajin intanet ɗin da ake faɗa, masu ɓuya bayan asusun bogi, ba tatsuniya ba ce, mutum ɗaya zai iya zama mutum ɗari a wurin sharhi. A 2023 kuma an bankaɗo wasu sautuka da aka riƙa yaɗawa a TikTok da sunan muryar al-Bashir ce aka naɗa a ɓoye, ashe da ƙirƙirarriyar basira aka juya muryar wani ta koma tasa. Mu da muka taso a kan cewa in ka ji muryar mutum magana ta ƙare, wannan ya shafe mu fiye da kowa, don yawancin abin da ke yawo a guruf ɗinmu sauti ne ba rubutu ba.

Su ChatGPT kuma kar ki ce haramun ne kar ki ce malami ne. Ki tambaye shi a gabansu tarihin unguwarsu ko na zuwan Hausawa Gadarif, su gwada da abin da kakanni suka faɗa, za su ga inda ya dace da inda ya shirga abu da cikakken ƙarfin hali kamar yana wurin. Wani aikin gidan kuma, ƙawaye biyu su zauna su buɗe TikTok a lokaci ɗaya kowacce ta rubuta bidiyo goma na farko da aka kawo mata, su zo su faɗa wa aji me ya sa nata ya bambanta da na ƙawarta, wa ya zaɓa mata.

In kina son munazara, wato muhawara, mai zafi wadda ba ta da haɗari, ga ta, a 2020 da 2021 da 2022 an riƙa yanke intanet ɗin waya na wasu awanni da safe a faɗin ƙasa lokacin jarrabawar shahada don hana satar amsa. Daidai ne ko ba daidai ba? Ɓangare ɗaya su tsaya wa wizara, ɗaya su tsaya wa mai shago da mara lafiya da mai jiran kuɗi. Abin ya shafe su kai tsaye, za ki sha mamakin hujjojin da za su kawo, kuma daga nan tambayar wa yake da ikon kashe wa mutane shabaka za ta taso da kanta.

Tunda 'yan mata ne, akwai zaman da ya kamata ki yi da su ƙofa a rufe ba a rubuta komai, kan hotunansu da masu karɓar hoto su dawo suna barazana da shi. Abin da suke buƙatar ji daga bakinki shi ne in ya faru akwai babbar da za su gaya wa ba tare da an fara da dukansu ko an cire su daga makaranta ba, don tsoron gida ne jarin mai barazanar.

Inda zan ce ki taka a hankali

Kar ki kawo bidiyon yaƙi aji da sunan za a tantance shi, ko da kin tabbata na bogi ne. A cikin yaran akwai wadda ta ga abin da ido, akwai wadda ɗan'uwanta yake wani ɓangare, kuma maganar da aka yi a aji tana isa gida kafin la'asar ta canza kama. Ana duba wayoyin mutane a shingayen hanya, saboda haka kar ki sa yarinya ta ajiye wani abu a wayarta don darasinki. Jaridar ta tsaya a bangon makaranta, kar a ɗora ta a Facebook da sunaye da hotunan yara, kar kuma a aike su hira wurin jami'ai ko sansanin 'yan gudun hijira, unguwa da gida da ƙofar makaranta sun isa, su tafi bibbiyu da sanin iyaye. In kika ga wata ta yi shiru ko ta fashe da kuka a kan wani batu, wannan ya wuce aikin ɗan jarida, ni ba fannina ba ne, a nemi wanda ya san aikin kula da waɗanda suka shiga tashin hankali in akwai shi a kusa.

Sannan ni horo nake yi da matasan da suka zo da ƙafarsu don suna so, ke kuma aji ne cike maƙil da muƙarrari, wato manhajar karatu, a wuyanki da shekarun karatu da aka rasa ana son a cike, saboda haka abin da ya yi min aiki sai kin rage shi ya dace da ke. 'Yan aji uku ki ƙyale su da shahadarsu, ki fara da 'yan aji ɗaya da biyu. Ba duka za su kama ba, wasu za su yi don maki ne kawai, kuma guruf ɗin gida zai ci gaba da zubo abin da ya saba, ke hissa ɗaya, wato darasi ɗaya, gare ki a mako shi kuwa dare da rana yake aiki.

Wajen mudira kuma kar ki je da sunan sabon darasi, za ta ce ba lokaci kuma tana da gaskiya. Ki ce mata hissar insha'i, darasin koyon rubutu, ce za ki riƙa yi ta wannan hanyar, maimakon su rubuta "bayyana lokacin damina" za su rubuta labarin ruwa da haya, nahawu da imla'i duk a ciki za ki gyara, makin ma a nan za ki ba da. Fitowar farko ki kai mata ta karanta kafin a liƙa, in da hali ma hirar farko da ita za a yi, a tambaye ta dalilin hana shigowa da waya, a kuma ji ta bakin ɗalibai biyu, a liƙa duka a kwali ɗaya.